Ruwan da Ya Kwanta Ƙarƙashin Leda

Matso nan kusa, ko wane ne kai. Muryata ba ta kai bakin zaure yanzu, kuma raina a ɓace yake, in na ɗaga ta tari ke sarƙe ni. Yau kwana shida ke nan autana, wanda nake zaune a gidansa nan Dutsin-Ma, yana gaishe ni daga tsaye kamar ya gamu da baƙuwa a tasha. A kan ɗansa muka saɓa, jikana mai rarrafe, wanda nake kira Angona. Ni na ce ba zai sake taka ɗakin ubansa ba sai ɗakin ya bushe. Shi uban ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Bari ka ji inda maganar ta samo tushe, don tushenta ya girmi uban da shekaru masu yawa.

A Kurfi aka haife ni, aka kai ni aure Birchi, gidan manoma, gidan ƙasa mai soro biyu da ɗakunan jinka. A lokacin da kunne muke sanin damina. Akwai yayyafin da ke sauka kan jinka kamar ana tankaɗen gari a ɗaki na kusa. Akwai ruwan da ke dukan soro dim, dim, har ka ji shi cikin haƙarƙari. Akwai kukan indararo in ya cika baki ya fara zuba cikin tulu, amon yana farawa da kauri yana ƙara siranta, kina zaune a ɗaki kin san lokacin da za ki fita ki sauya tulu ba tare da kin leƙa ba. Tun hadari bai fara haɗuwa a gabas ba maza sun gama yaɓe, sun toshe ramukan ɓera a gindin katanga. Mu mata mun bi rariya da kara muna zaƙulo duk abin da rani ya cusa mata. Salga tana can ƙarshen gida ta gangare, an ɗaga bakinta da jar ƙasa, an kife ta da tsohon kasko. Ba wanda ya karanta wannan a takarda. Iya ce takardar. Iya uwar mijina ce, mace 'yar firit mai muryar maza, wadda in ta yi gyaran murya a tsakar gida har kaji sai sun nutsu. Takan ce mana ruwa iri biyu ne. Wanda ya zo ta sama baƙo ne, a tara mashi tulu. Wanda kuwa ya zo da jan ciki, ya bi turke, ya bi juji, ya leƙa salga, ko ya yi fari kamar nono kada a yarda da shi. In irin wannan ya shiga ɗaki, ba shara ake yi ba. Kaya duka waje, rana ta gasa su. Tabarmar da ya jiƙa a ƙone ta. Sannan a kawo fartanya a fasa daɓen, a kwashe ƙasar har inda danshin ya tsaya, a kai ta bayan gari. A zuba toka, a hura wutar kara a tsakar ɗakin, a bar ƙofa buɗe kwana da kwanaki. Yaro ba ya shiga sai Iya ta durƙusa ta shinshina ƙasa ta ce ya yi.

Yanzu fa? Yanzu an zo an yanka filaye a kan hanyar ruwa, wuraren da a da ko akuya ba a ɗaurewa in damina ta faɗi. An jera bulo, an shafe siminti, an rufa kwano, wai mun ci gaba. Kwanon ma ya kashe mana kunne, ruwa kaɗan da mai yawa duk ƙara ɗaya ce, kamar ana zazzage tsakuwa a faranti. Lambatun da aka haƙa don ruwa ya wuce an mai da shi juji, ledoji da robobin lemo da ƙunzugun jarirai na zamani sun cika shi har baki, kowa yana tsallakewa da sabon takalmi yana toshe hanci kamar aljanu ne suka zuba. Abin da ya fi ci mani rai shi ne wannan. Akwai magidanta a unguwar nan, masu hula da carbi, da suke jiran hadari ya haɗu su buɗe bakin sokawensu, wato ramin da ƙazantar bayan gida ke taruwa, su sake ta cikin lambatu wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Gidan wanda ke gangare. Mu ne na gangare. In an kira salla kuma sahu ɗaya suke tsayawa da ɗana, kafaɗa da kafaɗa, a yi sallama a yi musabaha.

Amma ba zan zauna ina zagin mutanen yanzu in ɓoye nawa ba.

Da zan yi haihuwar fari, gida Kurfi na tafi goyon ciki kamar yadda ake yi, na daɗe can har yaron ya fara zama. Kafin in koma, dangina mata suka riga ni zuwa Birchi suka yi mani sabon daɓe. Kai da ka tashi a kan siminti ba ka san daɓe ba. Mata ne za su cika ɗaki a durƙushe, kowace da madaɓinta na itace, a shimfiɗa tsakuwa da jar ƙasa, a yi ta bugu tare ana waƙa, bugun ya zama kiɗa, ana yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ƙasar ta haɗe ta yi ƙarfi. Nawa ya fito jawur, sumul, yana ɗaukar ido. Matan unguwa har zuwa kallo suka riƙa yi, suna shafa shi da tafin hannu suna cewa mutanen Kurfi sun iya aiki. Ni kuwa yarinya ce, kaina ya kumbura. Sau uku nake goge shi a wuni.

Ba a yi wata biyu ba marka ta kama. Kwana uku ana ruwa ba a ga rana ba. A na ukun, bayan azahar, katangar gidan da ke sama da mu ta zube. Ruwa ya ratso ta turkensu, ya narkar da bakin salgarmu, ya shigo ɗakina har idon sawu. Kafin la'asar ya janye, ya bar wani siririn laka. Na share, na kawo ruwan tulu na wanke, na goge da tsumma, daɓena ya dawo yana ƙyalli kamar ba a yi komai ba. Sai ga Iya. Ta durƙusa, ta kai hancinta ƙasa, ta daɗe.

Ta ce, "Yarinya, gobe a fasa."

Na ce, "Iya, ai ya fita. Duba, ko tabo babu."

Ta ce, "Ido ne ya ce maki ya fita. Hancina ya ce yana nan."

Ba a musu da uwar miji, sai na jira maigida na tasa shi da kuka. Shi kuma mutum ne mai gudun fitina. Ya je ya durƙusa gaban uwarsa yana sosa ƙeya, ya ce, "Iya, danginta ne suka yi, gwiwoyinsu ko warkewa ba su yi ba. In aka fasa sai a ce mun raina aikinsu."

Iya ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Tau, ɗakinku ne. Amma yaron a wurina zai riƙa wuni."

Haka aka yi kwana biyu. Rana ta uku aka aiko daga Karofi ƙanwar Iya ba lafiya, ta ɗaura zane ta tafi. Yaro ya dawo ɗakina. Ruwa bai ɗauke ba, tsakar gida duk caɓi, ina zan ajiye shi? Na shimfiɗa tabarmi biyu, na sa turaren wuta a kasko don wani ɗan wari da ke tasowa in ɗakin ya ɗumama. Lokacin ya fara rarrafe. Ya bar tabarma ya bi daɓe, ya buga tafin hannu a ƙasa ya kai baki, ya dube ni yana dariya. Wata safiya na ɗaga tabarma na ga farar fumfuna kamar an baza auduga. Na goge, na mai da tabarmar, ban gaya wa kowa ba.

Sai gudawa ta kama shi. Matan gida suka ce haƙori ne, kowane yaro yana yi. Ni ma na so ya zama haƙori. Kuma ɗan fari ne, ka san yadda muke. Ba a faɗin sunansa, ba a rungumarsa gaban mutane, ba a nuna an damu. Uwar da ta fito tsakar gida tana cewa ɗana ba lafiya, a ce ba ta da kunya. Sai in ɓuya bayan ɗaki in wanke tsummokaransa, in shanya inda ba a gani, in dawo ina daka da mata ina dariya. Kwana uku ina wannan. Ranar da Iya ta dawo, tun daga zaure ta tsaya cak. Kukan yaron ya sirance, ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ta ce, "Wannan ba kukan haƙori ba ne." Ta shigo ta taɓa maɗigarsa, ta faɗa ciki kamar an danna da yatsa. Ita ta goya shi da kanta, maigida yana gaba, suka kama hanyar Kurfi inda ɗakin shan magani yake. Da hantsi suka fita. Kafin azahar sun dawo, ba su kai ba.

Na san kwanansa ne ya ƙare, Allah ne mai bayarwa kuma shi ne mai karɓa. Ban taɓa jayayya da wannan ba. Ko kuka ban samu na yi a fili ba, kunyar nan dai. Iya ba ta ce mani ai na gaya maki ba, da ta faɗa ma da ya fi mani sauƙi. Bayan addu'ar uku ta ɗauko fartanya ta jingine a bakin ƙofata, ta wuce. Ni na fasa daɓen da hannuna. Saman nan mai ƙyalli bai fi kaurin ɓawon rogo ba. Ƙarƙashinsa baƙar laka ce mai laushi har zurfin tafin hannu, warin salga ya taso ya cika ɗakin ya kashe turaren. A kan wannan ɗana ya yi kwana da kwanaki yana wasa.

Na haifi wasu bayansa, Allah ya raya mani su, maigida ya rasu, ƙarfi ya ƙare, autana ya ɗauko ni ya kawo ni nan. Malamin islamiyya ne, yana da kirki, ban rasa ci ba ban rasa sha ba. Ni ba mai fita ba ce, duniyata daga ɗakina zuwa madafa, sai hira da duk wanda ya shigo. Angona ne abokin zamana. In na ce mashi ina kuɗin cefane, sai ya kama mani hanci.

Daminar bana, wata rana bayan la'asar, aka yi ruwa irin mai ƙarfin nan. Ina ɗaki na ji ƙarar lambatu ta sauya, ta bar gudu ta koma gurnani, na san ya toshe. Kafin in miƙe, ruwa ya haure dokin ƙofa ya shiga falon Auta, baƙi, da warinsa da kowa ya san na mene ne. Falon kuwa sabuwar leda aka shimfiɗa mashi bango zuwa bango, aka manne bakinta da gam, aka ɗora kafet a tsakiya. Auta da matarsa suka yi ta kwalfewa da bokiti har magariba. Washegari Auta ya kwarara ruwa mai kyau a kan ledar, aka goge, aka fesa turare, aka kunna fanka. Kafet ya yi rabin wuni a kan katanga aka mai da shi. Kowa ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa ina zaune ina sauraro. Duk wanda ya taka ledar nan sai in ji wani ɗan tsut, tsut, kamar ana tsotsar rake.

Na ce, "Auta, ɗaga ledar nan."

Ya ce, "Inna, an wanke. Launi ya tafi, wari ya tafi. Ko salla aka yi a nan ta yi."

Na ce, "Ban tambaye ka salla ba, Malam. Angona ba salla yake yi a kai ba, lasa yake yi."

Ya yi dariya. "Inna, wannan ba zamanin daɓe ba ne. Siminti ne, ba ya shan ruwa."

"Ba ya sha, shi ya sa yake ajiyewa."

Sai ya rage murya ya faɗi gaskiyar abin. In aka ɗaga ledar yagewa za ta yi, kuma jibi surukansa za su zo. Su tarar da siminti tsirara, su tambaya, a ce masu ruwan bayan gidan maƙwabta ne ya shiga ɗakin Malam? Ina jinsa kamar ina jin ubansa a durƙushe gaban Iya. Matarsa, yarinyar kirki ce mai sanyin hali, ta ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, zan riƙa goya shi." Mai wata tara a goye wuni guda? Ko ɗaure shi aka yi da igiya sai ya sauka. Surukai suka zo, suka zauna kan kafet, suka ci shinkafa, suka yaba ƙamshin ɗaki, suka tafi.

Ƙuraje suka fara fito wa yaron a gwiwa da tafin hannu. Sai tari. Sai gudawa da amai. Matar Alhajin da ke sama da mu ta shigo aron turmi, ta leƙa shi ta ce, "Haƙori ne, Hajiya, kada ki damu."

Na ce, "Haƙorin nan ta lambatu ya biyo, daga bayan gidanku." Ta fita ba turmi.

Ran nan Auta ya tafi kasuwar Kurfi tun da safe. Na ce wa matarsa ta ɗauki yaro ta kai asibiti yanzu. Ta ce, "Inna, Malam bai ba ni izini ba, kuma wayarsa ba ta shiga."

Na ce, "Ni na haifi Malam. Ɗauki mayafinki."

Suna fita na shiga madafa na ɗauko wuƙar yankan kubewa. Na janye kafet, nauyinsa kamar gawar tunkiya, bayansa duk ya yi baƙi. Na kafa wuƙa a bakin ƙofa na ja har bango. Na ɓanɓare ledar. Baƙin ruwa ne kwance mai yauƙi, ƙananan tsutsotsi suna motsi a ciki, kwana tara yana nan a rufe yana dahuwa. Ni da rabona da ƙofar gida tun ƙaramar salla, na ja ledar nan da kafet ɗin, ina hutawa ina ja, har waje. Na baje su a bakin hanya, cikin yana kallon sama, daidai lokacin da maza ke fitowa daga sallar la'asar. Na tsaya a kansu da sandata.

Alhajin ya toshe hanci da bakin babbar riga, ya ce, "Haba Hajiya, wannan ai sai ki sa wa unguwa cuta."

Na ce, "Naka ne, Alhaji. Ajiya ka ba mu ranar ruwa, na fito maka da ita." Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi dariya, waɗanda suka yi dariyar ma na san biyu a cikinsu da ke buɗe nasu.

Ana cikin haka Auta ya sauka daga babur. Sai da muka shiga zaure sannan ya ce, "Inna, kin kunyata ni gaban jama'a. Iyayen ɗalibaina suna wurin."

Na ce, "Na kunyata ka. Kunya ta riga ta ci mani ɗa guda, ba zan ƙara mata ba." Nan na gaya mashi yadda babban yayansu ya tafi, abin da ban taɓa gaya wa ko ɗaya cikin 'ya'yana ba, har sunansa na faɗa, karo na farko da ya fito daga bakina. Sai ya tambayi inda matarsa take, na ce asibiti, ya juya ya hau babur.

Kwana huɗu Angona ya yi ana mashi ƙarin ruwa. Malamar asibiti, in ji uwarsa, tambayar farko da ta yi ita ce ko ruwa ya shiga gidan. Ta ce kafet ɗin a rabu da shi, a wanke simintin da ruwan magani, a buɗe tagogi, kada a rufe ƙasan sai ya bushe sarai. Shekaranjiya aka sallamo shi. Ya rame, wuyansa kamar na ɗan tsako, amma jiya ya kama mani hanci. A ɗakina yake kwana shi da uwarsa.

Na zaci magana ta ƙare. Yau da safe sai ga Auta da sabuwar leda a naɗe a bayan babur, ya jingine ta a zaure, ya ce gobe mai shimfiɗawa zai zo, ba zai ci gaba da karɓar baƙi a kan siminti kamar shago ba, kuma iyalinsa su koma ɗakinsu. Ni kuwa jiya na kife faranti a tsakiyar falon, da na ɗaga shi ɗazu cikinsa duk zufa. Jikin bango har yanzu da zanen danshi zuwa gwiwa. Lambatu yana nan a toshe, gabas kuma ta fara haɗa baƙi. Shi ya sa ka same ni a nan, na sa kujerata a bakin ƙofar falon, sandata a kan cinya. Gidansa ne, na sani, abincinsa nake ci, kuma ba ni da wani wurin zuwa in ya gaji da ni. Tau, in kai ne a kan kujerar nan, mai shimfiɗa ya yi sallama gobe, za ka tashi ka ba shi hanya?